Zogin ƙurajen jijiya: allurar sagar da jijiya ko ƙwayoyin sha, wanne ya fi dacewa da mutumin karkara?

Baffana, ƙanin mahaifina, manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma ya haura shekara 70. A wani hunturu na tarar da shi zaune a zaure babu riga, alhali kowa yana rawar ɗari, ya ware hannunsa na dama daga jikinsa don kada damtse ya goga haƙarƙari. Na ce, "Baffa, ka sa ko 'yar shara ce mana, sanyin nan zai kama maka ƙirji." Ya ce, "Ɗan nan, sanyi ai da sauƙi. Rigar ce ba na iya ɗauka, da ta taɓa ni sai in ji kamar an watsa mini garwashi." Da na duba sai na ga ƙuraje masu ruwa sun jeru tun daga ƙashin baya har ƙarƙashin nono, an shafe su da wani baƙin haɗi, kuma ranar kwanansu 9 da fitowa. Mai kyamis ya riga ya yi masa allura har sau uku a ɗuwawu, kowacce ta ba shi sauƙin rabin yini, zogin ya dawo inda yake. A makon ne wani ya kawo mana zancen allurar da ake yi a birni, wadda take sagar da jijiyar da ke ciwo, sai gida ya rabu biyu: masu cewa a ɗauke shi a tafi, da masu cewa a tsaya a kan ƙwayoyi. Wannan rubutu na yi shi ne domin gidan da ya tsinci kansa a irin wannan muhawara.

Likitoci suna kiran ciwon zosta, ni kuwa zan riƙa ce masa ƙurajen jijiya, domin a jijiya yake farawa kafin ya bayyana a fata. Jijiyar da nake nufi ba ta jini ba ce, ita ce wadda ke ɗaukar saƙon taɓawa da zafi daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. A ƙauyuka akan ce gizo-gizo ne ya yi wa mutum fitsari, wasu kuma su kai zancen ga sammu, saboda yadda ƙurajen ke fitowa a gefe guda kamar rabin ɗamara, ba sa tsallaka tsakiyar ƙirji ko tsakiyar baya. Asalinsa kuwa ƙwayar cutar ƙarambau ce, wanda wasu ke kira farankama. Idan yaro ya warke daga ƙarambau ƙwayar ba ta barin jiki, sai ta laɓe a cikin 'yan ƙulle-ƙullen jijiya da ke kusa da laka ta yi shekaru aru-aru shiru, har ranar da tsufa ko wata cuta ta raunana garkuwar jiki, sannan ta farka ta bi jijiya guda zuwa fata tana kumbura ta a hanya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 3 a ƙasarsu zai yi wannan ciwo a rayuwarsa, kuma kashi 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi shi zogin yakan zarce bayan ƙurajen sun warke. Ƙurajen kan bushe cikin kwana 7 zuwa 10, fata ta warke cikin mako 2 zuwa 4, amma idan aka yi kwana 90 zogi bai tafi ba, an shiga wani ciwo na daban, wato zogin bayan ƙuraje, wanda kan ɗauki watanni ko shekaru, kuma tsofaffi ya fi kamawa.

Wannan lissafin kwanaki shi ne ginshiƙin zaɓin gaba ɗaya, domin abin da ya dace a mako na farko ba shi ne ya dace a wata na huɗu ba.

Akwai magani ɗaya da ba ya cikin gasar, domin duk wanda zai yi allura da wanda zai sha ƙwaya suna buƙatarsa, wato maganin da ke daƙile ƙwayar cutar kanta. Wanda aka fi samu a wajenmu shi ne asiklobir, kuma babba mai lafiyar ƙoda akan ba shi miligiram 800 sau 5 a rana har kwana 7. Akwai balasiklobir da ake sha miligiram 1,000 sau 3 a rana, ya fi sauƙin bi amma ya fi tsada. Amfaninsu ya fi ƙarfi idan an fara cikin awa 72 da fitowar ƙuraje, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna rage fitowar sababbin ƙuraje, suna gaggauta bushewa, suna kuma rage zogin kwanakin farko, sai dai nazarin da aka tattara bai nuna cewa asiklobir yana hana zogin bayan ƙuraje ba. Wani kuskure da na sha gani shi ne ɗaura shan maganin a kan salloli biyar don sauƙin tunawa. Dabarar tana da kyau a baki, amma magariba da isha'i sun yi kusa da juna, tsakanin asuba da azahar kuma ya yi nisa. Gara a bi tazarar awa 4, wato 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma da 10 na dare, a kuma sha ruwa sosai saboda ƙoda. Duk gidan da ya ɓata kwana uku na farko wajen haɗa kuɗin motar zuwa birni neman allura, alhali asibitin ƙaramar hukuma zai iya rubuta wannan magani a ranar, ya yi asarar da allurar ba za ta mayar ba. Baffa ya rasa wannan dama tun kafin in iso.

Sai kuma a bambanta allurar sagar da jijiya da allurar kyamis, domin mutanenmu suna da ƙauna ta musamman ga allura, har ana ganin duk ciwon da ba a yi wa allura ba ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Abin da akan yi a kyamis yawanci diklofenak ne ko deksametason a tsokar ɗuwawu, maganin ya bi jini ya zagaya jiki duka. Diklofenak ba ya yin wani abin kirki ga zogin jijiya, ga shi yana cin ciki yana kuma wahalar da ƙodar tsoho, shi kuwa deksametason dangin sitiroyid ne, wato magungunan rage kumburi, yana hawar da suga, yana rage garkuwar jiki, kuma an gwada shan irinsa an ga ba ya hana zogin zarcewa. Allurar sagar da jijiya wani aiki ne dabam. Likita yana kai bakin allura dab da jijiyar da cutar ta bi, ya zuba maganin kashe zafi irin wanda ake yi kafin cire haƙori ko ɗinke rauni, wato lidokain ko bupibakain, sau da yawa a haɗa da ɗan sitiroyid. Maganin yana toshe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, kuma idan suka toshe saƙon zafi ba ya wucewa, sai wurin ya sage. Jijiyar ba ta mutuwa. Lidokain yakan saki bayan awa ɗaya ko biyu, bupibakain ya kai wasu awoyi fiye da haka, amma sauƙin yakan wuce wannan lokaci, saboda sitiroyid yana rage kumburin jijiyar, kuma masana suna ganin katse saƙon zafi ko na ɗan lokaci ne yana hana laka sabawa da ƙararrawar da ba ta yankewa.

Wurin da ake kai allurar ya danganta da inda ƙurajen suka fito. Idan a ƙirji ne ko baya, wanda nan suka fi fitowa, ana iya yin ta ƙarƙashin haƙarƙari inda jijiyar ke bi, ko a gefen ƙashin baya daidai inda jijiyar ta fito, ko kuma a cikin ƙashin bayan amma a wajen jakar da ta lulluɓe laka, wadda 'yar'uwa ce ga allurar baya da ake yi wa mata kafin tiyatar haihuwa. Akwai wata sabuwa da aka fara bayyanawa a Kanada a 2016, wadda ake zuba maganin ƙarƙashin tsokar baya, nesa kaɗan da huhu da laka. Idan kuma a fuska ne ko wuya ko hannu, akwai wani ƙullin jijiya a gaban wuya da ake sagarwa, wanda bayan an yi fatar ido takan ɗan sauka, murya ta ɗan dishe na wasu awoyi. Duk waɗannan aikin likitan da ke sa barci a ɗakin tiyata ne ko ƙwararren likitan zogi, kuma mafi aminci shi ne a yi su ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin ko ta hoton ƙashi.

Shin tana aiki? A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin amsar ba guda ba ce. Bincike mafi girma kuma mafi tsari a kan allura guda shi ne wanda aka yi a ƙasar Holan, mujallar likitoci ta Lancet ta buga shi a 2006. An ɗauki mutum 598 da suka haura shekara 50, waɗanda ƙurajensu ba su kai mako guda ba, dukansu aka ba su maganin ƙwayar cuta da na zogi, sannan rabi aka ƙara musu allura guda a baya. Bayan wata 1, kashi 48 cikin 100 na masu allura suna jin zogi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 58. Bayan wata 3 sai ya zama 21 da 24, bayan wata 6 kuma 15 da 17, bambancin da ba a iya dogaro da shi. Ma'anar wannan a sarari take: allura guda tana rage zogin watan farko ga wasu, amma ba ta hana ciwon zarcewa. A 2009 wasu likitoci a ƙasar Sin suka gwada wata hanyar a kan mutum 132, inda suka yi allura a gefen ƙashin baya sau 4, kowace bayan awa 48, kuma bayan wata 1 kashi 13 na masu allura ne ke da zogi, a ɗaya ɓangaren kashi 45, bambancin kuma ya ɗore har shekara. Wani bincike a Italiya a 2000, wanda aka bar siririn bututu a baya ana zuba magani na kwanaki, shi ma ya nuna raguwar zogin bayan ƙuraje sosai. A fahimtata, idan akwai kariya a cikin allurar nan, tana cikin maimaitawa ne da kuma yin ta da wuri, hujjar hakan kuma ba ta kai ƙarfin da za a yi wa kowa alƙawari a kanta ba.

Wannan batu na maimaitawa shi ne inda lissafin mutumin karkara ya bambanta da na mutumin birni. Allura 4 cikin mako guda ga wanda ke zaune a Kano zuwa ne sau huɗu a adaidaita sahu. Ga wanda zai fito daga ƙauyen Sumaila ko Gwaram ko Maigatari kuwa, kwana bakwai ne a gidan dangi ko a barandar asibiti, da mai rakiya wanda shi ma ya bar gonarsa ko dabbobinsa, da kuɗin mota na mutum biyu, da na abinci, kafin a zo ga kuɗin aikin kansa. Ga kuma tafiyar babur daga ƙauye zuwa bakin titi, wadda mai wannan ciwo yake jin kowane rami a haƙarƙarinsa. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala Muhammad, da na Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu suna da likitocin sa barci, amma babban aikinsu na yau da kullum a ɗakin tiyata yake, saboda haka hikima ita ce a karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara duba mara lafiya, a kuma sa wani ɗan'uwa na birni ya je ya tambayo ko ana yin wannan allura da ranar da ake yin ta, kafin a tayar da tsoho daga gida.

Haɗarinta ba mai yawan aukuwa ba ne a hannun gwani, amma idan ya auku yana da girma. Allurar da ake yi kusa da haƙarƙari tana iya huda fatar huhu, iska ta shiga ta danne shi, numfashi ya yi wuya. Idan maganin ya faɗa cikin jijiyar jini, mutum yakan ji leɓensa ya sage, kunnensa na ƙara, daga nan sai jijjiga ko rikicewar bugun zuciya, kuma bupibakain ya fi muni a wannan. Wadda ake yi a cikin ƙashin baya tana iya saukar da bugun jini farat ɗaya, ko ta bar ciwon kai mai tsanani idan an huda jakar laka, kuma a 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa zuba sitiroyid a wannan wuri, ko da yake ba kasafai ba, yana iya jawo shanyewar jiki ko makanta. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko kilopidogirel dole ya faɗa tun kafin a taɓa shi, mai ciwon suga kuma ya sa ran sugansa zai hau na wasu kwanaki. Saboda haka ina faɗa da babbar murya cewa duk wanda ya ce zai yi maka wannan allura a shago, ko a ɗakin da babu iskar oksijin da na'urar auna bugun zuciya da kayan farfaɗo da mutum, ka ƙi, ko da kyauta ce.

Ƙwayoyin sha ba su da kwarjinin allura, amma su ne ke ɗauke da mafi yawan marasa lafiya har su warke. Farasitamol yana taimakawa a zogi mai sauƙi. Wanda ya fi haka yana buƙatar maganin da ke kwantar da jijiya, kuma mafi araha shi ne amitiriptilin, wanda asalinsa maganin damuwa ne amma a ƙaramin awo yana rage zogin jijiya. Akan fara da miligiram 10 zuwa 25 da dare, yana kuma kawo barci, wanda shi kansa rabin magani ne ga mutumin da ya yi mako yana kwana a zaune. Aibinsa shi ne bushewar baki, da taurin bayan gida, da jiri, da riƙewar fitsari ga dattijon da ke da kumburin mafitsara, kuma bai dace da mai wasu cututtukan zuciya ba. Gabapentin da piregabalin su ne na biyu. Gabapentin akan fara shi daga miligiram 300 ko ƙasa da haka ga tsoho, a riƙa ƙarawa a hankali, kuma dole a rage awon ga mai raunin ƙoda. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta tattara a 2017 ya nuna cewa a cikin masu zogin bayan ƙuraje, kashi 32 cikin 100 na masu shan gabapentin zoginsu ya ragu da rabi ko fiye, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 17 ne. Wato yana aiki, amma ba ga kowa ba, kuma wanda bai dace da wannan ba yana iya dacewa da wancan.

Babban bambancin ƙwaya da allura shi ne lokaci. Allura tana kashe zogi cikin mintoci, ƙwayoyin nan kuwa sai sun yi kwanaki ko makonni ana ƙara awo kafin a ga iyakar aikinsu, kuma a nan mutanenmu ke karaya, su sha kwana uku su ce maganin ba shi da ƙarfi su watsar. A ɗaya gefen, ƙwaya tana bin mutum gida, ana iya rage ta idan ta yi nauyi, ana iya sauya ta, abin da aka zuba a jijiya kuwa ya shiga ke nan. Jirin da suke sawa ba abin rainawa ba ne, domin tsohon da ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karya ƙugu ya shiga wahalar da ta fi zogin, don haka a ajiye masa fitila da buta kusa da shimfiɗa. Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu musamman: piregabalin da tiramadol suna cikin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye, kuma ba mu manta abin da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 ba. Idan likita ya rubuta ɗayansu, a sa shi a akwati mai kulle, mutum guda ya riƙa bayarwa. Tiramadol yana da gurbi na 'yan kwanaki a zogi mai tsanani, amma ba maganin watanni ba ne, kuma haɗa shi da amitiriptilin ba tare da sanin likita ba yana da haɗari.

Magungunan shafawa ba zan daɗe a kansu ba. Akwai filastar lidokain mai ƙarfin kashi 5 da ake mannawa awa 12 a cire awa 12, bayan fata ta warke sarai, kuma ta dace ƙwarai da irin zogin da ke hana sa riga, sai dai samunta a karkara yana da wuya. Akwai kuma ta sinadarin barkono mai ƙarfin kashi 8, wadda a asibiti kawai ake mannawa, kuma kada wannan ya sa wani ya daka barkono ya shafa. Yayin da ƙuraje ke da ruwa, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya wadatar. Toka, da bakin mai, da tsagar wanzami ko ƙaho a kan ƙurajen ba sa kaiwa ga jijiyar da ke ciwo, ƙofa kawai suke buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta.

Idan aka ɗora duka a kan sikeli, ga yadda nake ganin zaɓin. Wanda bai kai shekara 50 ba, ko wanda zoginsa ke barinsa ya yi barci ya ci abinci, ba shi da dalilin neman allura. Maganin ƙwayar cuta da na zogi a asibiti mafi kusa sun ishe shi, sai dai matashin da ƙurajen suka fito masa ya kamata ya yarda a gwada jininsa don cutar da ke karya garkuwar jiki, a kuma duba suga. Dattijon da ke cikin makonni biyu ko uku na farko, wanda zogi ya hana shi barci da abinci, ko ya hana shi jan numfashi sosai, kuma an gwada ƙwayoyi sun gaza ko jikinsa ya ƙi ɗaukarsu, shi ne wanda tafiyar ta cancanta dominsa, kuma gara a tafi da wuri da shirin kwana, a tambayi likita tun farko sau nawa yake nufin yi. Wanda kuwa ya riga ya wuce wata 3, to gaskiyar da ba a son ji ita ce allura ta fi ba shi sauƙin kwanaki ko 'yan makonni, ba warkewa ba, kuma bai kamata a sayar da akuya ko buhun gero a kan fatan allura guda za ta tumɓuke ciwon ba. A Japan a shekarar 2000 an ba da rahoton babban sauƙi daga zuba sitiroyid a cikin ruwan laka ga masu tsohon zogi, amma da aka sake gwadawa a Holan sai aka dakatar bayan mutum 10 kacal, domin zogin waɗanda aka yi wa ƙaruwa ya yi. Irin wannan mara lafiya ya fi buƙatar likita guda da zai riƙa bibiyarsa yana daidaita masa ƙwaya, allura ta zama taimako na lokacin da abin ya ta'azzara.

Akwai yanayin da muhawarar ba ta taso ba sam. Idan ƙurajen suka fito a goshi ko fatar ido, musamman idan akwai ko guda a kan hanci, ido ne ke cikin haɗari, kuma a ranar ya kamata likitan ido ya gani, ko a sashen ido na babban asibiti ko a asibitin ido na ECWA da ke Kano. Haka nan a nemi likita a ranar idan suka fito a kunne baki ya karkace, ko suka bazu ko'ina a jiki, ko aka ga zazzaɓi da ruɗewa. Mai juna biyu da ba ta taɓa yin ƙarambau ba da jariri su nisanci ruwan ƙurajen har su bushe, domin za su iya ɗaukar ƙarambau daga wurin mara lafiyar. Rigakafi kuma akwai shi, sunansa Shingrix, Amurka ta amince da shi a 2017 ga 'yan shekara 50 zuwa sama, allura biyu ce tsakanin wata 2 zuwa 6, kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100, amma ba ya cikin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta a Najeriya.

Shi Baffa da ƙwaya muka fara. Amitiriptilin ya ba shi barcin dare biyu, a na uku fitsari ya riƙe masa, aka dakatar. Gabapentin ya sa shi jiri tun kafin a kai awon da zai taɓa zogin, ga shi ya daina cin tuwo, kunu kaɗai yake kurɓa. A kwana na 16 muka kai shi birni da takardar likita. Na tsaya a bakin ƙofa ina hangen yadda aka zaunar da shi ya rungume matashi, likitan ya ɗora kan na'urar sikanin a gefen ƙashin bayansa yana nuna wa mataimakinsa layin huhu a allo, sannan ya shigar da allurar a hankali yana tsayawa yana ja baya don ya tabbatar ba jini. Ba a yi minti 20 ba Baffa ya sauke hannun nan da ya yi mako biyu a ware, ya ce da likitan, "Likita, Allah ya yi maka albarka, wurin ya yi shiru." An sake yi masa sau ɗaya bayan kwana uku, daga nan ya ce shi gida zai koma, dabbobinsa ba su da mai kula. Zogin ya dawo bayan kamar mako biyu, sai dai bai kai na farko ba, kuma a wannan karon jikinsa ya karɓi gabapentin da aka fara masa da ƙaramin awo da dare kawai. Ya sha shi wata huɗu, aka riƙa ragewa sannu a hankali har aka daina, domin ba a yanke shi rana ɗaya. Har yau akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu ƙarƙashin nononsa na dama da ba ya jin taɓawa sosai, kuma idan hunturu ya shigo yakan yi masa ƙaiƙayi, sai ya sa a shafa masa man kaɗanya kafin ya kwanta.